Ko Don Ka Faɗi Suka Kira Ka, Ka Tsare Ragarka

Woodbridge, Virginia

Zuwa ga Takwarana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga kakanka, da fatan jirgi ya sauke ka lafiya, ka tarar da masauki mai ɗumi da mutanen kirki. Allah ya tsare gabanka da bayanka. Allah ya tsare ƙasusuwanka a kan ƙanƙarar nan, ya tsare maka haƙoranka, don na ga bakin abokan sana'arka a talabijin, sai ka ce tsohuwar katanga bayan damina.

Na cusa wannan takarda a cikin hular kwanonka ne don na san nan kaɗai ba za ka tsallake ba. Da Hausa na rubuta, kuma da gangan. Ka karanta a hankali, yadda muke yi a mota kana ƙarami. Inda kalma ta fi ƙarfinka ka kira uwarka. Kada ka kira kawunka Nasiru, har yanzu ban gama hucewa da shi ba.

Bari in fara da farin ciki, don kada ka ɗauka fushi kaɗai ke cikina. Ranar da ubanka ya shigo falo ya ce, "Baba, wata ƙungiya a babbar gasar hokin ƙanƙara ta ɗauki Halifa mai tsaron raga," na miƙe tsaye ban nemi sanda ba. Gwiwar nan da likita ya ce in daina wahalar da ita, ita ta kai ni har ƙofar maƙwabcinmu Bature da silifa a ƙafata, cikin sanyin nan, ina gaya masa da guntun Turancina. Ni ne fa na ce wa ubanka tun kana yaro, "Me ya haɗa Bahaushe da ƙanƙara? Ka sai masa ƙwallon ƙafa kamar 'ya'yan mutane." Ubanka bai yi min musu ba, bai kuma ji maganata ba. Daga baya ni na zama mai raka ka, ina zaune a benci da bargo da fulas ɗin shayi, ina kallon yara suna harba maka ɗan baƙin faifan robar nan kana tarewa. Na yi kuskure a lokacin, kuma na gode Allah da ba a bi ni ba. Ka riƙe wannan: tsoho ma yakan faɗi abin da bai sani ba da babbar murya.

Da suka aiko hoton rigarka, ga GARBA a baya da manyan baƙaƙe, uwarka ta rufe baki da mayafi. Tun da ta shigo gidanmu ba ta taɓa furta sunana ba. Kai kanka da aka sa maka sunan, Halifa ta laƙaba maka don ta kauce masa. Sai ga shi za a riƙa kiran sunan da lasifika a gaban dubban mutane. Ta ce, "Baba, ni dai in an zo wajen zan rage muryar talabijin." Na yi dariya har da hawaye.

To, sai ranar walima. Ka san yadda gidan ya cika, mutanen Gaithersburg da na Bowie, motoci har ƙarshen layi, masa da miyar taushe suna ta fita daga kicin. Na ce wa Malam ya yi mana addu'a, Allah ya ba ƙungiyarka nasara a duk wasannin da suka rage mata bana. An ɗaga hannuwa ke nan sai na ji dariya daga bayan kujera. Nasiru ne, ƙanen uwarka, wanda ba abin da bai sani ba in dai a waya yake.

Ya ce, "Baba, a ɗan sassauta addu'ar nan. In Allah ya karɓa, masu kulob ɗin kuka za su yi."

Na ce, "Kai Nasiru, masar ce ta hau maka kai?"

Ya ce, "Wallahi Baba, da gaske nake. Su ne a ƙasan teburin gasar, kuma nan suke so su zauna. Wanda ya ƙare a ƙasa shi ya fi samun damar ɗaukar yaron da ya fi kowa iyawa in an zo rabon sababbin 'yan wasa. Shi ya sa suka rabu da babban golansu kwanan baya. Magoya bayansu ma tafi suke yi in an zura."

Na ce, "In an zura wa wa?"

Ya ce, "Su kansu."

Na ce, "To jikana fa?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai Baba, wanda bai taɓa tsayawa a babbar gasa ba suke nema. Ba laifin Halifa ba ne. Kasuwanci ne kawai."

Kana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Na ga ka ajiye shi a kan firji, ba ka ƙara taɓa shi ba.

Abin da na yi bayan nan kai shaida ne. Na buga sanda a ƙasa, na ce masa bakinsa ya fi ƙafarsa sauri, na ce ya tashi ya bar min gida, alhali gidan 'yar uwarsa ne. Malam ya sauke hannu ba a shafa ba. Baƙi suka fara neman makullan mota tun rana ba ta faɗi ba. Wannan kuskurena ne na kwanan nan. Da na yi dariya na ce Malam ya ci gaba, da maganar ta bi iska. Ihuna ne ya nuna maka cewa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Saboda haka ga nasiha ta farko: kada ka shiga raga da fushi. Fushi rufe ido yake yi, kai kuwa da ido kake cin abinci. Washegari na kira Nasiru na ce ya zo ya kwashi sauran masa kafin ta lalace. Ya gane abin da nake nufi, ya zo.

Amma ban yarda da zancensa haka kawai ba. Na aika aka kira min Anti Rahila, ƙawar uwarka 'yar Jos da ke aikin lauya. Ta biyo ta nan ranar Lahadi bayan ta taso daga coci, da ɗankwalinta kamar za ta biki. Na ce, "Rahila, 'yata, ki duba min dokar wasan nan. An yarda ƙungiya ta faɗi da gangan?"

Ta ce, "Baba, amsar biyu ce, kuma ɗaya ba za ta yi maka daɗi ba."

Na ce, "Fara da mai ɗacin."

Ta ce a iya abin da ta bincika, babu dokar da ta tilasta wa masu ƙungiya su riƙe gwanayensu. Suna iya musanya su, su cika fili da yara sababbi, su ce gini suke yi don gaba, ba mai kama su. Ta ce masu gasar sun san ana haka, shi ya sa suka sa ƙuri'a a rabon sababbin 'yan wasa, don kada na ƙarshe ya tabbata shi zai fara zaɓa. Amma duk da haka na ƙarshen ya fi kowa yawan rabo a cikin ƙuri'ar.

Na ce, "Mai daɗin fa?"

Ta ce, "Ɗan wasa ko koci ba shi da izinin sayar da wasa. In aka kama mutum ya saki raga da gangan, ko ya haɗa baki da 'yan caca, hukunci ne mai tsanani, sana'arsa ma tana iya ƙarewa a nan."

Na ce, "Wato an hana yaro ya zubar da ruwa, amma maigida yana da izinin huda tulun."

Ta yi dariya ta ce, "Baba, da kai ne alƙali da mun huta."

Ni ban yi dariya ba, Takwara. Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Ƙasar nan da aka aiko mana takardar gargaɗi saboda ciyawar ƙofar gida ta ɗan yi tsawo! Ƙasar da in ka ajiye kwandon shara a waje ya wuce lokacinsa sai an yi maka magana! Suna da doka a kan ciyawa, amma ba su da doka a kan mutumin da zai tara jama'a, ya sayar musu da tikiti, ya kunna fitilu, ya sa a rera taken ƙasa kowa ya miƙe tsaye, alhali a zuciyarsa yana roƙon a ci shi. Mutum ya taso daga aiki a gajiye, ya ɗauko ɗansa a kafaɗa ya kawo shi kallo, me zai ce wa yaron? "Yi tafi, an ci mu"? Wace irin tarbiyya ce wannan? A garinmu ko langa yara ke yi, wanda ya saki ƙafarsa da gangan ba a sake sa shi a wasa. Nan kuwa an ɗora wa abin kwat da laktaye an ce masa dabara. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, ba su rasa wanda za su sa a bakin tulun da suka huda ba sai jikana, da sunana a bayansa.

Da yammacin ranar da Rahila ta zo na same ka a gareji kana ɗaure jaka kamar mai shirin zuwa gaisuwar mutuwa. Ka fara da Hausa ka ƙarasa da Turanci, amma na gane. Ka ce, "Kaka, in don in faɗi suka kira ni, to in na tare ma wa zai ji daɗi?" Na ce maka kawai Allah yana nan. Ba amsa ba ce, na sani. Ga amsar yanzu, don ni a takarda na fi iya magana da kai.

Ina saurayi, a ƙauyenmu ta wajen Funtuwa, in an gama girbi akan gayyato 'yan kokawar wani ƙauye. Akwai dabarar da manya ke yi. In baƙi suka zo da gwaninsu, ba a fara fito masa da namu gwanin. Sai a tura ƙanana ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da guminsa a kansu, sannan namu ya fito da sabon ƙarfi. 'Yan share fage ake ce musu. Kowa ya san faɗuwa za su yi. Makaɗa ma ba sa ɓata kirari a kansu.

Wata shekara baƙin suka zo da wani ƙato ana ce masa Turmi, saboda in ya kafa ƙafa ba ya gusawa. Sarkin samarinmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Garba, kai za ka bi bayan wancan yaron. Ka ɗan ja Turmi kawai, kada ka bari ya karya ka." Tun daga nan na sallama. Ko warkina ban ɗaure da kyau ba. Na shiga fage idona yana neman inda yashi ya fi laushi.

Da muka kama, ƙirji da ƙirji, sai na ji wani abu. Ƙafarsa ta hagu rawa take yi. Ashe ya taka ba daidai ba a kamun da ya yi da yaron farko, ya gurɗe, yana ɓoyewa. Ba wanda ya gani, ni kaɗai na ji a jikina. Da na sa masa taɗiya a wannan lokacin, da Turmi ya sha ƙasa a gaban garinmu duka. Amma zuciyata ta riga jikina kwanciya. Kafin in yi shawara ya ɗaga ni ya ajiye. Ba wanda ya yi min dariya, ba wanda ya zage ni. Sarkin samari ya ce, "Madalla Garba, ka yi aikinka." Ban taɓa jin zagin da ya kai wannan madallar ciwo ba.

Bayan an tashi, ana shan fura a gindin tsamiya, Turmi ya kira ni da hannu. Ya rage murya ya ce, "Yaro, ka ji ƙafata, ko?" Na ce na ji. Ya ce, "To me ya hana ka?" Na sunkuyar da kai. Gemuna ya yi fari fat yanzu, ban samo masa amsa ba.

Ka gane, Takwara? Manyan da suka tura ni suna da lissafinsu, kuma ba ƙarya suka yi ba, don in faɗi suka tura ni. Amma lissafin manya a bakin fage yake ƙarewa. Ba su ne suka riƙe ƙugun Turmi ba, ni ne. Haka kai ma. Masu ƙungiya suna can sama a bayan gilashi, suna da ikon zaɓen wanda zai tsaya a raga. Sun zaɓa, ikonsu ya ƙare. In faifan nan ya taso, ba wanda ke tsakaninka da shi. Ka ɗaure warkinka da kyau tun daga ɗakin sa kaya.

Akwai labari na biyu, shi ya fi ci min lokaci. Ina aiki a wata masaƙa a Kaduna, ubanka yana firamare, ni ko sunana ban iya rubutawa ba, dangwala yatsa nake yi. Sai aka buɗe ajin yamma don leburori. Na shiga da murna, na sayi fensir. Ba a jima ba na ji wani akawu yana gaya wa abokinsa, "Ajin nan don baƙin gwamnati aka buɗe shi, in sun zo dubawa su ga allo da benci. Wa zai iya koya wa waɗannan ƙartin karatu?" Raina ya ɓaci. Na ce ni ba za a yi ado da ni ba, na daina zuwa, ina ganin na rama.

Wanda muke zama benci ɗaya da shi, Bulus, mutumin Kagoro, tare muka ji maganar. Shi bai daina ba. Bayan wasu shekaru sai ga Bulus da biro a aljihu, shi ke karanta mana sanarwa, shi ke rubuta wa matarsa wasiƙa da hannunsa, ni kuwa sai na nemi wanda zai rubuta min ya ji sirrina. Na ce masa, "Bulus, ba ka ji abin da akawun nan ya ce ba?" Ya ce, "Na ji mana. Su suka san dalilin da ya sa suka buɗe ƙofa. Ni dai na ga allo."

Na koma ajin da furfura a gemu, ubanka yana gyara min baƙaƙe a gida yana ɓoye dariya. Akawun bai yi ƙarya ba, don ado aka buɗe ajin. Amma baƙaƙen da na koya a ciki ba su san da wannan ba, sun zauna a kaina daram. Da su nake rubuta maka wannan. Fushina bai rage wa akawu komai ba, ni ya ci wa shekaru. Saboda haka kada ka tsaya tambayar don me aka buɗe maka ƙofa. An buɗe. Yara nawa ne a ƙasar nan suka tsufa suna ƙwanƙwasa ta ba a ko leƙo ba?

Sauran 'yan kalmomi, ka haƙura da tsoho.

Rahila ta ce in gaya maka, abokan wasanka ba su cikin wannan lissafi. Kowannensu neman wurin zamansa na baɗi yake yi, kocin ma haka. Ka riƙe su 'yan uwa, wanda ya jefa jikinsa gaban faifai dominka ka gode masa da baki. In kuma wani, ko wane ne shi, ya taɓa raɗa maka cewa ka ɗan sassauta, to wannan shi ne ainihin abin da doka ta hana. Ka ce a'a da murya mai kyau, ka fita ka kira ubanka da Rahila.

In 'yan jarida suka sa maka abin magana a baki suna so ka zagi masu ƙungiya, kada ka zama kakanka a ranar walima. Ka ce ka zo tsare raga ne. Zagin ka bar min, ina da lokaci, kuma ba wanda ya ɗauke ni aiki.

Za a ci ka, wannan ba makawa. Wata rana za a zura maka har ka rasa inda za ka sa fuska, don tulun a huje yake. Wannan ba abin kunya ba ne. Wanda aka kayar yana kokawa daban, wanda ya zo neman yashi mai laushi daban, kuma duk mai ido yana bambancewa. Sauran ƙungiyoyi ma suna da ido.

In kuma ka tare, ka ji mutanenku da kansu suna yi maka ihu don ka ɓata musu ƙuri'a, kada ka waiwaya. Ka tambaye ni wa zai ji daɗi. Ni zan ji. Uwarka za ta ji, ko da ta rage muryar talabijin. Kuma a cikin filin nan, ko a can saman benci, akwai wani yaro a kafaɗar ubansa da bai san komai game da ƙuri'a ba, shi dai ya zo ya ga an tare. Shi za ka tsare wa ragar.

Kada ka bar salla ta bi jadawalin wasa, ka nemi lungu ko a ɗakin kaya ne. Ka kira uwarka kafin ta kira ka. Dambun naman da ta sa maka a aljihun jaka na gefe, ka ɗanɗana wa abokanka, amma kada ka nuna musu inda kake ajiyewa.

Addu'ar nan da aka bari a sama ba a shafa ba, na gaya wa Malam ranar wasanka na farko za mu sauke ta, a falon nan, gaban talabijin, kuma ba za a rage ko kalma ɗaya ba. Nasara muka roƙa, nasara za mu sake roƙa. Na ce wa Nasiru dole ya zo. Ya ce, "Zan zo Baba, amma amin ɗina a hankali zan faɗa, don ina tausayin masu kulob." Na ce masa ya faɗa yadda ya ga dama, Allah yana jin ta a hankali ma.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya buɗe idonka, ya kafa ƙafarka, ya raba ka da rauni da mugun aboki. Allah ya sa in an tashi wasa, ko an ci ko ba a ci ba, kada wani ya dafa ka ya tambaye ka me ya hana ka. Su kuma masu lissafi, ba na roƙa musu sharri, Allah dai ya ɓata musu lissafin ta hannunka. Amin.

Kakanka kuma takwaranka,
Garba